Faifan Bazazzagi Ya Ƙi Tashi

Gaisuwa gare ka, bawana Bazazzagi, haɗe da jaje. Na so in rufa maka asiri, don abin kunyar bawa na ubangidansa ne, amma magana ta riga ta kuɓuce mini. Tun daga teburin mai shayi a nan Dawaki har rumfunan 'yan riɗi a Dawanau, babu inda ba a ji ba cewa malamin kwamfutar da aka kawo mana daga Zariya ya cinye rabin fakitin faifai bai tayar da kwamfuta ko guda ba. Tunda ta fasu, gara ta fito daga bakin maigida, a jarida, da hujja da bayani, kafin 'yan gulma su ƙara mata gishiri.

Ga mafarin, saboda masu karatun da ba 'yan nan ba. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, duk makarantar da take son 'ya'yanta su leƙa jami'a ta shiga neman na'urar da yara za su saba da ita kafin ranar. Yaron da ya tashi a Marke ko Jalli ko Tattarawa ya iya lissafi, ya iya kimiyya, amma in ranar jarrabawa ce ranar da hannunsa ya fara taɓa linzamin kwamfuta, rabin lokacinsa a lalube zai tafi. Makarantar da mutumin nan yake koyarwa ta samu kyautar tsofaffin kwamfutocin tebur, irin na gwanjo da ofisoshin Turai suka gaji da su. Wasu suna tashi, wasu kuma babbar manhajarsu ta rikice, sai an zuba musu sabuwa. Shugaban makaranta ya ce a ɗauko mai gyara daga cikin birni. Kai kuma ka miƙe a gaban malamai, ka gyara zaman hula, ka ce ina amfanin ɗan Zazzau a wuri in har sai an je titin Beirut neman mai gyara.

Ka kwana kana sauke fayil ɗin sabuwar babbar manhajar da datar dare. Wannan kam na yaba maka, don an ce sai da ka fito tsakar gida ka ɗora waya a kan turmi sannan sabis ya kama. Gari ya waye, ga fayil guda ƙato, sunansa ya ƙare da .iso. Ka zura sabon faifan DVD a laftof ɗinka, taga ta buɗe, ka jawo fayil ɗin da linzami ka jefa ciki yadda ka saba jefa takardun jarrabawa, ka danna a buga. Faifai ya fito da ɗuminsa. Ka ɗauko alƙalamin maka ka rangaɗa masa suna da manyan baƙaƙe, har da kwanan wata da sa hannu. Aka tara 'yan aji a ɗakin kwamfuta su ga ilimi da idonsu. Ka saka faifai, ka kunna. Ma'ajin faifan ya yi gurnani, 'yar fitilarsa ta ƙifta, ya yi shiru. Sai baƙin allo da farin layi guda na Turanci, yana cewa kwamfuta ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ka kashe, ka kunna. Ka ciro faifan ka hura masa iska, ka goge shi da bakin riga, ka mayar. Sannan ka juyo ga yara ka yanke hukunci da Hausar nan taku da ba ta san mace ba: "Kwamfutan nan ya lalace."

Kwamfuta lafiyarta ƙalau, malam. Abin da ka yi, da a gona ne, ɗan shekara bakwai a Ɗanguguwa ma sai ya yi maka dariya. Ka je Dawanau ka sayo buhun iri mai kyau, ka kai gona, ka haƙa rami ka binne shi a ɗinke, ka koma gindin kuka kana jiran tsiro. Irin yana gonar, ba mai musu. Amma sai an farke buhu, an bi kunya-kunya, kowace ƙwaya ta shiga raminta.

Fayil ɗin ISO shi ne faifan kansa tun kafin a buga shi. An bi faifai na asali ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa aka kwafe komai a jere, da fayilolin da ido yake gani da bayanan tsari da ido ba ya gani, aka dunƙule su wuri ɗaya. Shi ya sa ake ce masa hoton faifai. Faifan kwamfuta a yanke yake gurbi-gurbi, kowane gurbi yana cin bayit 2,048, kowane da lambarsa, ana fara ƙirga daga sifili. Aikin mai bugawa shi ne ya mayar da abin da ke gurbi na sifili a gurbi na sifili, na ɗaya a na ɗaya, haka har ƙarshe, ba ƙari ba ragi. Kai kuwa da ka jawo ka jefa, manhajar bugawa ta ɗauka ajiya ka kawo mata. Sai ta gina nata tsarin, ta rubuta a jadawalinta cewa akwai fayil ɗaya mai suna kaza, ta cusa shi can ciki ta rufe.

Ita kuma kwamfutar da aka kunna yanzu-yanzu ba ta da wayon buɗe fayil. Windows ɗin da ya san fayil bai tashi ba tukuna, ai shi ake neman tayarwa. Abin da yake farke a wannan lokacin wata 'yar manhaja ce da ke zaune a jikin babban allon cikin kwamfutar, BIOS, a sababbi kuma UEFI, kuma karatunta game da faifai bai wuce layi biyu ba. Gurabe 16 na farko an keɓe su. A gurbi mai lamba 16 akwai bayanin faifan, da tambarin CD001. A mai lamba 17 take dubawa ko akwai sanarwar cewa wannan faifai na tayarwa ne. In akwai, sanarwar za ta nuna mata inda wani ɗan jadawali yake, jadawalin kuma ya nuna mata 'yar manhajar da za ta ɗauko ta miƙa wa ragama. In babu, ba ta tsayawa ciniki, ta wuce abu na gaba. Naka faifan, duk da sa hannunka a bayansa, a lamba 17 ba shi da ta cewa.

Na san za ka ce wannan zurfin ilimi ne, sai wanda ya zauna a Samaru. To saurara ka ji inda aka haife shi. A ƙarshen 1985 wakilan kamfanoni irin su Philips da Sony da Apple da Microsoft da Hitachi suka taru don daidaita yadda za a jera bayanai a faifan CD, kada kowa ya yi nasa faifan wannan ya ƙi karantuwa a na'urar wancan. Wurin da suka zauna otal ne haɗe da gidan caca, sunansa High Sierra, a gefen tafkin Tahoe a Amurka. Abin da suka tsara shi hukumar daidaita ma'auni ta duniya da ke Jeniba ta gyara ta amince da shi a 1988, da lamba ISO 9660. Amma faifan wancan lokacin ajiya kawai ya iya, in ana son tayar da kwamfuta sai an koma wa filofi. Sai a Janairun 1995 mutum biyu, Curtis Stevens na kamfanin Phoenix mai rubuta BIOS da Stan Merkin na IBM, suka fitar da ƙa'idar gurbi na 17. Suka raɗa mata El Torito, sunan wani gidan cin abinci a Irvine ta jihar Kalifoniya, inda aka ce a nan suka ƙulla maganar. Gidan caca da gidan abinci, malam, ba zauren lacca ba. 'Yan kasuwa ne suka ga rashin daidaito yana ci musu riba suka zauna suka gyara. Abin da 'yan kasuwa suka ƙulla kuwa, kada ka yi mamaki in Bakano ya riga ka gane shi.

Maimakon ka tambaya, sai ka koma gida ka yi nazari. A laftof ɗinka akwai WinRAR, shi kuma in ya ga fayil ɗin ISO sai ya maƙala masa alamarsa, hoton littattafai a ɗaure. Bazazzagi ya ga littattafai, ina zai iya haƙuri? Ka danna, ciki ya buɗe, ga foldoji reras, ga fayiloli. Ko babu WinRAR ma tarkon yana nan, don tun daga Windows 8 a 2012 in ka danna fayil ɗin sau biyu buɗe maka shi ake yi tamkar ka saka faifan gaske. Ka ce yauwa, ashe sai an warware. Ka kwashe su kaf ka zuba a sabon faifai. Wannan karon ka matso kusa, kuma shi ya fi ban tausayi, don duk wanda ya buɗe faifan nan a kwamfuta mai lafiya zai rantse ba shi da maraba da na asali. Har 'yar manhajar tayarwar tana ciki, a foldar boot, sunanta etfsboot.com, tana zaune tana jiran kira. Sai dai sanarwar gurbi na 17 da jadawalinta ba sa cikin abin da taga take nunawa, balle linzami ya kwaso su. Kaya sun cika, mai nuna wa BIOS hanya ne babu. Baƙin allo ya dawo, farin layi ya dawo. A nan ne ka faɗi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, wai faifan Kano jabu ne, Kanawa sun cuce ka.

Kano fa ka ce. Tun daga Turmin Danya a 1990 garin nan yake buga fim, daga kaset ɗin bidiyo zuwa faifan CD zuwa DVD. Shekara da shekaru daga kasuwar Ƙofar Wambai ake ɗaurin faifai ana lodawa zuwa Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, har da Zariyar taku. Fim ɗin da ka kalla a Tudun Wada kana leƙe ta taga, daga hannunmu ya je. Akwai yara a shagunan birnin nan da suka girma a gaban injin bugawa mai hawa-hawa, wanda yake cin faifai da yawa a tashi ɗaya, su ɗora na asali a sama na ƙasa su kwafa gurbi da gurbi. Ba su san sunan El Torito ba, amma sun san kwafin faifai daban, zuba kaya a faifai daban. Yau waya da YouTube sun kwashe wannan kasuwa, gaskiya ne, amma hannun bai manta ba.

Wanda ya warware maka kuwa, ka yi haƙuri sai na faɗa, yaron nan ne mai rumfar cajin waya da turin fina-finai, wanda ko aji shida bai gama ba. Batir ya kawo wa wani malami ya tarar da kai kana zufa. Ya ɗauki ɗaya daga cikin faifan da ka tara a gefe, bai saka shi a na'ura ba, ya kifa shi ya karkata ga hasken taga. Faifan da ake bugawa a gida akwai wani siririn rini a cikinsa, hasken leza ne yake bi yana ƙona shi ɗigo-ɗigo a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki. A faifan CD tsawon layin nan ya haura kilomita 5. Inda wuta ta bi launinsa yakan ɗan sauya, saboda haka mai ido yana iya ganin inda aiki ya tsaya. Ya nuna maka da farce: wannan zoben ko rabin inda ya kamata bai kai ba, an yanke shi a hanya. Ka tuna ranar ce man janareta ya ƙare kana tsakiyar bugu a kwamfutar ofis. Ya saka na biyu a laftof, ya ga fayil ɗaya tilo a zaune. Ya sunkuyar da kai, da ladabinsa, ya ce: "Malam, a data ka buga shi ko a imej?" Ka ce duk ɗaya ne. Yaro ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa a gaban malami, kuma wannan tarbiyya ta Dawaki ce, ka gode mana.

Abin da ya yi bai kai a kira shi aiki ba. Tun daga Windows 7 a 2009, in ka danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin ISO akwai umarnin buga hoton faifai. Ka zaɓi ma'ajin faifai, ka sa alama a akwatin tantancewa, shi ke nan. Nero ma, wanda kowane shagon Kano ya sani, yana da ƙofar buga hoto daban da ta zuba data, kai ne ba ka duba ba. Shi yaron ImgBurn ya buɗe daga filas ɗinsa, manhaja ce ta kyauta da tun 2013 ba a sake sabunta ta ba amma har yau tana aiki, kuma ya fi son ta saboda tana barin mutum ya zaɓi gudun bugu. A nan ma sai da ka tsoma baki. Ka ga an rubuta 16x a bayan fakiti, ka ce a sa 16, lokacinka yana da tsada. Ya sa 4. Gudu ɗaya a DVD kusan megabayit 1.4 ne a daƙiƙa, saboda haka a gudu 4 fayil mai gigabayit 3 bai wuce minti goma da 'yan kai ba. Wanda ya ɓata mako guda, minti biyar yake jin ƙyashi. Faifan nan mai araha ne, kuma ma'ajin da zai karanta shi tsoho ne, idonsa ya sha ƙurar hunturu, robar da ke turo farantin ta saki har sai an zura tsinke a 'yar hudar gaba kafin ya buɗe. Irin wannan ma'aji, bugun da aka yi a natse shi yake iya karantawa. Sauri ya haifi nawa. Ya kuma ce a yi a laftof mai caji, don faifan DVD-R sau ɗaya ake rubuta shi, in wuta ta yanke a tsakiya ya tafi ke nan. Da bugu ya ƙare manhajar ta koma farko ta karanta faifan gurbi da gurbi tana gwadawa da fayil ɗin, ta ce sun yi daidai.

Aka kai faifai ɗakin kwamfuta, aka kunna, sai ga tsohon Windows ɗin nan da ya rikice ya sake leƙowa ya maƙale. An ce tsalle ka yi. "Kun gani ko! Ba na faɗa ba!" Ban taɓa jin malamin da ya yi murnar lalacewar kayan makarantarsa ba sai kai. Yaro ya kashe, ya kunna, ya dinga danna F9 tun kafin tambarin HP ya ɓace. Jerin wuraren tashi ya fito, ya sauka kan ma'ajin faifai. Da Dell ce F12 zai danna. BIOS tana da jerin da take bi, in rumbun ajiyar kwamfutar ne a sama, to shi za ta fara tambaya, kuma in ya amsa ko da shirme ne ba za ta waiwayi faifai ba. Ana iya shiga a sauya jerin dindindin, sai dai kwamfutocin gwanjo da yawa ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinsu, CR2032, ya daɗe da mutuwa, ana zare wuta su manta abin da aka gaya musu, har da kwanan wata.

Saura ƙiris in yafe maka, sai aka ba ni labarin abin da ya biyo baya. Faifan Windows in ya tashi yakan ce a danna kowane madanni in ana son tashi daga faifai, ya jira 'yan daƙiƙoƙi. Sau ɗaya ake dannawa, a farko. In an fara zuba manhaja kwamfuta za ta kashe kanta ta kunna, saƙon ya sake fitowa, a nan naɗe hannu ake yi a bar ta ta ci gaba daga rumbunta. Yaro ya koma rumfarsa, ka karɓi kujera. Duk sanda saƙon ya fito sai ka kai masa duka, aiki ya koma farko. Har aka yi la'asar kana zaɓar harshe da ƙasa, kana yarda da sharuɗɗa, kana sake zaɓar harshe da ƙasa. Masinja ne ya lura ya ce, malam, ko za ka gwada ƙyale ta.

Yanzu bari in yi maka karatun da za ka ci gaba da shi, tunda nauyinka a wuyana yake. Windows 7 da ka zuba, Microsoft ta daina yi masa gyara tun Janairun 2020. In yara za su koyi madanni ne da gwajin tambayoyi ba tare da intanet ba, ba laifi, kuma lambar lasisinsa tana manne a gefen akwatin da yawa daga cikin kwamfutocin nan, ka duba kafin yara su ɓanɓare. Amma kada ka jona su da intanet ka ce za a yi rajista ko a shigar da bayanan banki. Sannan ina ka samo fayil ɗin? Na ji an ce wani shafi ne da ya yi maka alƙawarin komai a buɗe kyauta. Hoton faifai abu ne da kake miƙa wa kwamfuta tun kafin ta farka, duk abin da aka cusa a ciki ya shiga ba mai tare shi. Masu abin kirki sukan wallafa wata lamba tare da fayil ɗinsu, SHA-256, haruffa da alƙaluma 64. Ka lissafa ta naka fayil ɗin, in ɗigo ɗaya ya sauya a hanya, ko sabis ya yanke ya bar maka guntu, lambar gaba ɗaya za ta bambanta. Kada ka ce wannan tsoron banza ne. A Fabrairun 2016 ɓarayin intanet sun shiga shafin babbar manhajar Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa hoton faifan da suka dasa wa ƙofar baya. Waɗannan masu abin ne da kansu aka yi wa haka, ina ga shafin da ko sunan mai shi babu.

Shi kansa faifan ma kwanansa ya ja. CD megabayit 700 yake ci, DVD gigabayit 4.7. Windows XP na 2001 a CD guda ya zo. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, shekara takwas yana matse kansa don ya shiga CD guda, kuma har 2011 kamfaninsa yana aiko da faifan kyauta ta gidan waya zuwa duk inda mutum yake a duniya. Masu irin shekarunmu da yawa ta ambulan ɗin nan suka fara ganin kwamfuta ta tashi ba da Windows ba. A 2012 ya haƙura da CD, yau kuwa ya doshi gigabayit 6. Windows 11 ma ya haura 5. Ka ga ko DVD na yau da kullum ba zai ɗauke su ba, sai mai hawa biyu na gigabayit 8.5, shi kuma ka bi titin Katsina tun daga Dawanau har Kurna da Rijiyar Lemo kana tambaya shago-shago ka ga ko za a san abin da kake nufi. Sababbin laftof ma ba sa zuwa da ma'ajin faifai. Tun 2008 Apple ta fitar da MacBook Air babu shi, sauran suka bi sahu.

Saboda haka filas ake yi yanzu. Akwai Rufus, wanda Pete Batard ya fitar a 2011, ka nuna masa fayil ɗin ISO ka nuna masa filas ya shirya maka. Amma ka ji da kyau, share filas ɗin yake yi tas kafin ya fara. Na san wanda ke rataye a makullin babur ɗinka shi ne mai sakamakon jarrabawar yara na zango uku, kuma na san ba ka da kwafinsa a ko'ina. Kada in ji, kada in gani.

Ga wani labari da na so in ɓoye maka, don na san bakinka. A 2020 an fitar da wata manhaja, Ventoy. Sau ɗaya ake girka ta a filas, daga nan sai dai mutum ya jawo fayil ɗin ISO ya jefa ciki a dunƙulensa, ko guda nawa filas ɗin zai ɗauka. In an kunna kwamfuta ta jero su, a zaɓi wanda ake so. Wato dai abin nan da ka yi ranar farko a gaban yara, wani ya zauna ya gina masa hanya har ya zama daidai. Na san gobe za ka shiga ɗakin malamai kana cewa kai dama gaba ka yi wa zamani, Kanawa ne ba su fahimce ka ba. A'a, malam. Ventoy ita take zama a mazaunin tayarwa, ita take amsa kiran BIOS, sannan ta buɗe fayil ɗin a madadinka. Wani ne ya yi karatun da ka tsallake. Kuma a filas ne, kai a faifai ka yi, shekaru bayan an fitar da ita ba ka ma san da zamanta ba.

Duk da haka kada ka yar da faifan nan guda da yaron ya buga maka. Yana da wani hali da filas ba shi da shi: da zarar an buga an rufe, ba mai ƙara masa ko ɗigo. Filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu na sakatariya ya dawo, ka san yadda yake dawowa, foldoji sun ɓace sun bar gajerun hanyoyi na bogi, ƙwayar cuta ta haye. Faifai kuwa ko a kwamfutar da ta fi kowace ruɓewa ka saka shi, yadda ya shiga haka zai fito. Ka sa shi a gidansa, ka ajiye a durowa nesa da rana, don rinin nan ba ya shiri da zafi. Ka riƙa kama shi ta baki, ba da yatsun da suka gama cin ƙosai ba. Kuma ka goge sa hannunka daga bayansa, ba kai ka buga ba.

Sauran tarin da ka lalata kuma ina da buƙatarsu. In watan cika-ciki ya kama ba sai ka kawo mini kuɗin shara tsaba ba, na san albashin malami. Ka zura musu zare ta hudar tsakiya ka kawo mini gida da kanka, ka durƙusa ka gaishe ni. In gero ya fara ƙosawa zan rataye su a gonata ta hanyar Tumfafi, iska tana juya su suna walƙiya suna korar jan-baki. Waɗanda ka sa wa hannu su zan jera ta bakin hanya, don masu wucewa su san daga wace jami'a aka yo su.